Man Sudan da bashin da ba a biya ba: ina alhakin kamfani ya fara, ina na mai hannun jari ya tsaya?

Ranar 5 ga Satumba, 2023, wata kotu a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ta fara sauraron ƙarar da aka shigar da wasu manyan 'yan kasuwa biyu, Ian Lundin da Alex Schneiter, tsofaffin shugabannin kamfanin mai na Lundin Oil. Ba zargin zamba ba ne, ba kuma na kauce wa haraji ba. Ana tuhumarsu ne da taimaka wa gwamnatin Omar al-Bashir aikata laifukan yaƙi a kudancin Sudan tsakanin 1999 da 2003. Dukansu sun musanta. Babu wanda ya ce sun taɓa riƙe bindiga ko sun ba da umarnin a ƙone gari. Abin da mai gabatar da ƙara ya dogara da shi shi ne, sun nemi sojojin gwamnati su samar musu da tsaro a yankin da gwamnatin ba ta da cikakken iko da shi, alhali sun san yadda waɗannan sojoji ke yin yaƙi.

A wannan zargi kaɗai akwai kusan duk abin da ake jayayya a kai game da jari da yaƙi.

Kamfanin Chevron na Amurka ne ya gano mai a wajajen Bentiu da Heglig daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, daidai kan iyakar da ta raba arewacin Sudan da kudancinta. Gwamnatin Ja'afar Numeiri ta yi ta ƙoƙarin sauya iyakoki domin rijiyoyin su faɗo hannun arewa, ta kuma zaɓi a gina matata a Kosti maimakon Bentiu. Wannan na cikin abubuwan da suka rura wutar yaƙin basasa na biyu da ya ɓarke a 1983. A Fabrairun 1984 'yan tawaye suka kashe ma'aikatan Chevron uku a Rubkona, kamfanin ya dakatar da aiki, daga baya ya sayar da haƙƙinsa a 1992. Man ya zauna a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, domin gwamnatin Khartum ba ta da kuɗi ko fasahar haƙo shi, yaƙi kuma yana cin dukiyarta.

Waɗanda suka zo suka cike giɓin su ne tushen labarin. An kafa haɗakar kamfanoni mai suna GNPOC: CNPC na ƙasar Sin da kashi 40 cikin ɗari, Petronas na Maleshiya da kashi 30, Arakis na Kanada da kashi 25, sai Sudapet na gwamnatin Sudan da kashi 5. A 1998 wani babban kamfanin Kanada, Talisman Energy, ya saye Arakis. Aka shimfiɗa bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,600 daga Heglig har gaɓar Bahar Maliya, a watan Agustan 1999 kuma jirgin ruwa na farko ya tashi da ɗanyen man Sudan. Kudu da nan, a yankin haƙa da ake kira 5A, Lundin ya sa hannu kan yarjejeniya a 1997 tare da Petronas da OMV na Ostiriya da Sudapet. A lura cewa a wannan shekarar ta 1997 ce Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, wato duk wanda ya shiga ya san irin gwamnatin da yake hulɗa da ita.

Mutane da yawa idan aka ce mai yana ciyar da yaƙi, kuɗi kawai suke tunani: gwamnati ta sayar da mai, ta sayi makamai. Hakan ya faru. Kuɗin da Khartum ke kashewa kan soja ya ninka cikin 'yan shekaru bayan fara fitar da mai, ta sayi jiragen yaƙi masu saukar ungulu, ta kafa masana'antun makamai. Amma a ganina wannan ba shi ne mafi nauyi a wuyan kamfanonin ba, domin kowane mai biyan haraji yana iya cewa ba shi ya tsara kasafin kuɗi ba. Abin da ya fi nauyi ya faru ne a ƙasa, kusa da rijiyoyin.

Yankin 5A ƙasar Nuer ce, makiyaya da manoma masu rayuwa tsakanin fadama da tudu, suna bin ruwa da shanunsu. Kafin zuwan mai babu wani abu a wurin da zai sa runduna ta ɓata harsashi, shi ya sa yankin ya samu sauƙin yaƙi idan aka kwatanta da wasu sassan kudu. Da aka tabbatar da mai a Thar Jath a 1999, wurin ya zama abin da kowa ke so. Gwamnati ta ɗaure wa mayaƙan wani madugun Nuer, Paulino Matiep, gindi, dakarun madugun 'yan tawaye Riek Machar da suka yi sulhu da ita a 1997 suka ce tsaron yankin haƙƙinsu ne, Peter Gadet, kwamandan Matiep, ya ɓalle, Nuer suka koma suna kashe Nuer. Dabarar gwamnati kuwa ba ta da rikitarwa: idan babu mutane a kusa da rijiya da hanya, 'yan tawaye ba su da wurin ɓuya. Sai jiragen Antonov su yi ruwan bama-bamai, masu saukar ungulu su biyo baya, sojojin ƙasa da mahaya dawakai su ƙone bukkoki, su kore shanu. A Fabrairun 2002, a ƙauyen Bieh, jirgi mai saukar ungulu ya buɗe wuta kan mutanen da suka yi layin karɓar abincin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kashe aƙalla mutum 17. Rahoton da gamayyar ƙungiyoyin Turai ta ECOS ta fitar a 2010, wanda shi ya sa Suwidin ta buɗe bincike, ya ƙiyasta cewa mutum kusan 12,000 sun mutu a yankin, wasu 160,000 kuma an raba su da gidajensu.

Sannan akwai abubuwan da kamfanonin suka gina da hannunsu. Gada a kan kogin Bahr el Ghazal a Bentiu, da hanyar da ba ta yankewa da damina zuwa wurin haƙa. A takardun kamfani wannan ci gaba ne. Ga mutanen ƙauye, kogin nan da laka su ne katangar da ta daɗe tana kare su daga motocin soja da mahaya, kuma an rushe ta. Can arewa, tawagar da gwamnatin Kanada ta aika ƙarƙashin John Harker ta ba da rahoto a Janairun 2000 cewa jiragen yaƙin gwamnati suna amfani da filin jirgin saman kamfanonin mai na Heglig. Daga wannan lokaci babu wanda zai ce bai sani ba. Ƙungiyar Christian Aid ta fitar da nata rahoto a 2001, Human Rights Watch ta fitar da mai kauri a 2003.

Ya kamata a yi wa kamfanonin adalci a faɗi hujjarsu yadda suke faɗin ta. Suna cewa yaƙin ya girme su, rikicin shanu da na ƙabila ya daɗe a yankin, rahotannin ƙungiyoyi sun dogara da bayanan ɓangaren 'yan tawaye. Suna cewa kare jama'a da dukiya aikin kowace gwamnati ce, kuma babu kamfanin da ke aiki a wata ƙasa ba tare da neman tsaro daga hukumominta ba. Sun gina asibitoci da makarantu, sun haƙa rijiyoyin burtsatse. Talisman ya ce yana yi wa gwamnati magana a asirce kan haƙƙin ɗan Adam, kuma zamansa ya fi tafiyarsa alheri. Wasu daga cikin waɗannan maganganu gaskiya ne. Sai dai duk suna kauce wa tambaya guda: a ranar da kamfani ya ce wa janar ɗin soja "muna son fara aikin hanya a wuri kaza kafin damina", kuma ya san wurin yana hannun abokan gaba, ya san mutane na zaune a kai, me yake tsammanin janar ɗin zai yi? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Doka kuwa ba ta ba da amsa ɗaya ba. Cocin Presbyterian na Sudan da wasu mutanen yankin sun kai Talisman ƙara a New York a 2001. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa sanin abin da ke faruwa bai isa ya ɗora wa kamfani laifin taimakawa ba, sai an nuna ya yi abin da ya yi ne da nufin a aikata ta'asar. Da wannan ma'auni da wuya a taɓa kama wani kamfani, domin babu ɗan kasuwar da burinsa kisa ne. Burinsa riba, kisan kuwa abu ne da ya yarda ya zauna da shi. Bayan haka Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara toshe ƙofar a shari'ar Kiobel ta 2013, wadda 'yan Ogoni suka shigar da Shell, ta ce dokar da ake shigar da irin waɗannan ƙararraki a kanta ba ta shafi abin da ya faru a wajen Amurka ba sai da ƙwaƙƙwarar alaƙa. (Iyalan Ken Saro-Wiwa sun tsallake wannan da ƙyar, domin Shell ya biya su dala miliyan 15.5 a 2009 kafin a fara shari'a, ba tare da amsa laifi ba.) Dokar Suwidin ta fi sassauci ga mai ƙara: ya isa a nuna wanda ake tuhuma ya san haɗarin ya kuma nuna halin ko-in-kula. Shi ya sa lauyoyin manyan kamfanoni a ko'ina suka zuba wa shari'ar Stockholm ido.

To ina mai hannun jari, wanda bai taɓa jin sunan Bentiu ba?

Nan ne labarin Talisman ke da daɗi da ɗaci. Coci-coci da ƙungiyoyi a Kanada da Amurka sun matsa wa asusun fansho na malamai da ma'aikata lamba su sayar da hannun jarinsu, majalisar wakilan Amurka ta yi yunƙurin hana kamfanonin da ke haƙar mai a Sudan neman kuɗi a kasuwannin hannun jarinta, farashin hannun jarin Talisman ya yi ƙasa da na takwarorinsa. A Maris na 2003 ya sayar da kasonsa ga ONGC Videsh, mallakar gwamnatin Indiya, a kan kimanin dala miliyan 750. Masu fafutuka suka yi murna. A wannan shekarar Lundin ya sayar da kasonsa na 5A ga Petronas a kan dala miliyan 142.5, OMV ma ya tattara nasa ya nasa. Amma ko ganga ɗaya ba ta ragu ba daga abin da ake fitarwa. Rijiyoyin sun koma hannun kamfanonin gwamnatocin Asiya, waɗanda ba su da taron masu hannun jari da limamin coci zai tashi ya yi musu tambaya. Waɗanda suka fita kuwa sun fita da riba, kuma ribar Lundin tana cikin abin da ya gina kamfanin da daga baya ya gano makeken filin mai a tekun Norwe, ya haɗe sashensa na mai da kamfanin Aker BP na Norwe a 2022.

Ba ina cewa janye jari aikin banza ba ne. Matsin lambar ta taimaka wajen jawo hankalin Amurka ga yaƙin, wanda ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005. Ta kuma koya wa kamfanonin yamma cewa jini yana da farashi a kasuwa. Abin da nake cewa shi ne, sayarwa tana wanke sunan mai sayarwa, ba ta mayar wa wanda aka ƙone wa gida da komai.

Zagaye na biyu ya zo da Darfur. Daga 2003 kuɗin mai ne ke riƙe da gwamnatin da ta saki Janjawid kan ƙauyukan Fur da Masalit da Zaghawa. Tunda CNPC na gwamnatin Sin ne ɗungurungum, ba a sayar da hannun jarinsa, sai masu fafutuka suka juya kan PetroChina, reshensa da a lokacin yake kasuwar hannun jari ta New York da Hong Kong. Jami'ar Harvard ta sayar da nata a Afrilun 2005, jami'o'i da jihohin Amurka da dama suka bi, a ƙarshen Disambar 2007 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta ba su kariya su yi hakan. Attajiri Warren Buffett ya ƙi. Hujjar kamfaninsa Berkshire Hathaway ita ce, PetroChina ba ya aiki a Sudan, uwar kamfanin ce ke yi, kuma reshe ba ya juya uwa. Ya ƙara da cewa ko da CNPC ya fita, gwamnatin Sudan ce za ta gaji rijiyoyin da araha, kuɗinta ya ƙaru. A taron Mayun 2007 masu hannun jarinsa suka yi watsi da ƙudurin janyewa da gagarumin rinjaye. Kafin shekarar ta ƙare ya sayar da komai, jarin da ya saya a kan dala miliyan 488 ya koma kusan biliyan 4, ya kuma ce farashi ne ya sa shi sayarwa, ba Darfur ba.

Rabin hujjar Buffett ta biyu tana da ƙarfi, abin da ya faru da Talisman ya goyi bayanta. Ta farko ce ba ta da ƙafa. A lokacin CNPC ne ke riƙe da kusan kashi tara cikin goma na PetroChina, shugabanninsu kusan mutane ɗaya ne, ribar reshen tana komawa ga uwar. An ƙirƙiri wannan rabuwa ne tun lokacin da za a shigar da kamfanin kasuwar New York a 2000, domin a kwantar wa masu saye hankali cewa kuɗinsu ba zai je Sudan ba. Irin wannan katanga ta takarda ita ce babbar sana'ar lauyoyin kamfanoni: uwa a wata ƙasa, reshe a wata, haɗaka a tsibirin da ba a biyan haraji, kowa yana karɓar rabonsa na riba, kowa yana nuna wani idan an tambayi alhaki.

Akwai kuma mai hannu na uku da ba a cika ambata ba, wato banki. Man da aka sayar da dala ba ya zama makami sai kuɗin sun samu hanyar wucewa. Bankin BNP Paribas na Faransa ya amsa laifi a Amurka a 2014 cewa ya karya takunkumi, mafi yawa saboda Sudan, ya biya tarar kusan dala biliyan 8.9. Laifin da ya amsa na karya dokar Amurka ne, ba na cutar da 'yan Sudan ba, kuma kuɗin aljihun hukumomin Amurka suka shiga. Sai a Oktoban 2025 masu taya alƙali yanke hukunci a New York suka ba wasu 'yan gudun hijirar Sudan uku diyyar sama da dala miliyan 20 a kan bankin, shi kuma ya ce zai ɗaukaka ƙara.

Wani zai ce mafita ita ce a gindaya sharuɗɗa tun kafin a zuba kuɗi. An gwada a Cadi. A 2000 Bankin Duniya ya shiga aikin bututun Doba zuwa Kribi na Kamaru tare da ExxonMobil da Petronas da Chevron, bisa sharaɗin cewa mafi yawan kuɗin zai tafi ilimi da lafiya da hanyoyi, a ajiye kashi 10 domin 'yan baya. Daga kuɗin sa hannu na farko, dala miliyan 25, Idriss Déby ya sayi makamai na miliyan 4.5. Da man ya fara gudana, ya sauya dokar a ƙarshen 2005, ya sa tsaro cikin abubuwan fifiko, a 2008 kuma bankin ya karɓi kuɗinsa ya fice. Ƙarfin mai jari yana nan ne kafin a binne bututu. Da zarar an binne, gwamnati ce ke riƙe da shi, ba shi ke riƙe da ita ba.

Wannan magana ba ta yi mana nisa ba. CNPC ɗin nan shi ne ke haƙar man Agadem a gabashin Nijar, shi ya gina matatar Damagaram da ta fara aiki a 2011, shi ya shimfiɗa bututun kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, a 2024 kuma ya ba gwamnatin soja rancen dala miliyan 400 da za a biya da ɗanyen mai. An riga an kai wa bututun hare-hare. Ba na kwatanta Nijar da Sudan ta Bashir, bambancin a bayyane yake. Amma tambayoyin iri ɗaya ne, kuma za su taso a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe idan aikin ya kankama: wa ke gadin wurin, wa ke biyansa, me aka gaya masa ya yi da makiyayin da burtalinsa ya ratsa filin, wa zai ji kukan wanda aka zalunta? Haka nan ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho duk wata mai jari ne ko bai sani ba. Kuma abin da ke ba ni mamaki shi ne, ma'aunin da ake tace hannun jari da shi domin ya dace da Shari'a yana korar kamfanin giya da na caca da mai mu'amala da riba, amma kamfanin mai da ake zargi da hannu a korar dubban mutane daga ƙasarsu yana iya wucewa salin alin idan bashin da ke kansa bai yi yawa ba. Alhali ayar da ta hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka tana nan a farkon Suratul Ma'ida.

A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da Farfesa John Ruggie ya tsara, waɗanda suka ce wajibi ne kamfani ya binciki illar aikinsa ga haƙƙin mutane tun kafin ya fara, ya kuma gyara ɓarnar da yake da hannu a ciki. Shawara ce, ba doka ba. Faransa ta mayar da wani ɓangare nata doka a 2017. Asusun man Norwe, ɗaya daga cikin mafi girman masu jari a duniya, yana da majalisar da ke tace kamfanoni, kuma a 2021 ya cire ONGC daga jarinsa saboda ayyukansa a Sudan ta Kudu, shekara 18 bayan ONGC ɗin ya gaji kujerar Talisman. A tsakanin nan kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man, yaƙi ya sake ɓarkewa a 2013 tsakanin Shugaba Salva Kiir na Sudan ta Kudu da Riek Machar, aka sake gwabzawa a kan rijiyoyin nan, aka yi kisan kiyashi a Bentiu a Afrilun 2014.

Yarjejeniyar 2005 ta rubuta ƙarara cewa waɗanda kwangilolin mai suka take wa haƙƙi sun cancanci diyya. Ba a kafa wani tsari na gaske da ya biya mutanen yankin 5A ba, ko daga Khartum, ko daga Juba, ko daga kamfanonin. A shari'ar Stockholm mai gabatar da ƙara ya nemi a ƙwace sama da kuronar Suwidin biliyan 2 daga kamfanin, wanda yanzu ake kira Orrön Energy, a matsayin ribar da aka samu ta hanyar laifi. Kuɗin da aka ƙwace ta wannan hanya baitulmalin Suwidin yake shiga. Buƙatun diyya na mutanen Sudan ta Kudu da suka shiga shari'ar kuwa, kotun ta ware su daga ƙarar laifi tun a farkon zama, ta ce a bi su daban a matsayin ƙarar farar hula, inda wanda ya sha kaye yake iya ɗaukar kuɗin lauyoyin abokin shari'arsa.